Tambayoyi da Amsoshi kan Muhakkimai: Wa Za Ka Ambata, Yaya Za Ka Amsa Musu

Duk mai karatun majistir (digiri na biyu) ko daktora a ƙasar nan ta Saudiyya, ko a Jami'ar Musulunci ta Madina yake, ko Ummul Ƙura a Makka, ko Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad, ko ta Sarki Fahad da ke Zahran, wata rana sai maƙalarsa ta shiga hannun mutanen da bai san fuskarsu ba. Su ne muhakkimai, masanan da mujalla ke aika wa aiki su tantance kafin a buga. Tambayoyin nan su ne waɗanda 'yan'uwa ke yawan kawowa, musamman waɗanda sashensu ya shar'anta musu buga maƙala kafin munaƙasha, wato zaman kare kundin digiri, da malaman da ke tara ayyukan ƙarin girma. Wasu amsoshin sun fi shafar masu rubutu da Turanci a mujallun da ke cikin Scopus da Web of Science, manyan rumbunan da ke tattara bayanan mujallun ilimi, wasu kuma sun haɗa har da masu Larabci.

Malam, wa ke yanke hukunci a kan maƙalata, muhakkimi ko edita?

Edita. Muhakkimi shawara yake bayarwa, edita ya auna ya yanke. Galibi mutum biyu ake aika wa, wani lokaci uku. A mujallun Larabci na jami'o'in nan abin da aka saba shi ne a cire sunanka a aika wa biyu, in suka saɓa a nemi na uku wanda zai rinjayar. Kafin ma a kai nan, edita na iya dawo maka da ita daga teburinsa cikin kwanaki kaɗan idan ya ga ba fagen mujallarsa ba ne. Wannan bai nuna aikin ya lalace ba, ƙofa ce kawai ba taka ba.

Mujalla ta ce in rubuta sunayen mutum uku zuwa biyar da za su iya duba aikina. Gwada ni ake yi?

A'a, taimako ake nema. Tahkimi, wato aikin tantancewar da muhakkimai ke yi, a yawancin mujallun duniya kyauta ake yin sa, masana kuma aiki ya yi musu yawa, don haka edita kan aika gayyata da dama kafin ya samu biyu da za su amsa. Idan fagenka ƙunci gare shi, kai da ka shafe shekaru a cikinsa ka fi edita sanin masu aiki a ciki.

Amma ka san editoci ba sa ɗaukar jerinka ido rufe. Wani bincike da mujallar JAMA ta buga a 2006, wanda ya bi rahotannin mujallun likitanci 10, ya gano cewa rahoton wanda marubuci ya ambata bai gaza na wanda edita ya zaɓa ba wajen inganci, sai dai ya fi karkata ga cewa a buga. Editoci sun san haka. Shi ya sa da yawansu ke ɗaukar mutum ɗaya daga jerinka su haɗa da nasu, wasu kuma ba sa taɓa jerin sam. Duk da haka suna karanta shi, kuma daga irin mutanen da ka kawo suke fara gane ko kai wane irin mai bincike ne.

Mujallun Larabci da yawa ba sa neman wannan. Idan ba a tambaye ka ba, kada ka kawo.

To wa ya kamata in ambata?

Wanda zai iya gano kuskurenka. Wannan shi ne ma'aunin, sauran duk rassa ne.

Fara da manazartar maƙalarka. Su wa ka ambata waɗanda suka buga aiki a kan wannan mas'alar cikin shekaru biyar da suka wuce? Daga nan ka shiga Scopus ko Web of Science ta hanyar maktabar dijital ta Saudiyya, wadda jami'arka ta buɗe maka, ka duba ko har yanzu suna fagen ko sun koma wani. Masu Larabci suna da rumbun Darul Manzuma don irin wannan bincike.

Kada ka cika jerin da manyan farfesoshin da sunansu ya cika duniya. Gayyata ta yi musu yawa, sau da yawa ko amsa ba sa samun yi. Wanda ya gama daktora shekaru kaɗan da suka wuce, yana kan ganiyar aiki a ɗakin gwaji ko a maktaba, ya fi samun lokacin karanta maka layi-layi, kuma ya fi sanin abin da aka buga jiya. Ka cakuɗa: babba ɗaya, matasa biyu ko uku.

Ka kuma rarraba ƙasashe. Jerin da duk mutanensa 'yan Najeriya ne, ko duk suna aiki a Saudiyya, yakan sa edita ya ɗaga gira, ko da kowannensu ya cancanta. Idan aikinka a kan gida yake, misali ruwan ƙarƙashin ƙasa a yankin Tafkin Chadi ko rubutattun littattafan malaman Sakkwato, to ya dace a samu wanda ya san wurin, domin baƙo ba zai ga wasu kurakuran ba. Amma ka haɗa shi da wanda ya ƙware a hanyar binciken ko da bai taɓa taka Afirka ba. Aikin da ya dogara kan lissafin ƙididdiga yana buƙatar mai ƙididdiga a cikin jerin.

Kowane suna ya zo da jami'arsa, da imel ɗinsa na aiki, da jimla ɗaya mai faɗin dalili: ya buga kaza a shekarar kaza da irin hanyar da na bi.

Su wa ne bai kamata su shiga jerin ba?

Mushrifinka, wato malamin da ke kula da bincikenka, na yanzu da na da. Duk wanda kuka buga aiki tare a 'yan shekarun nan. Mujallu da yawa suna sa iyaka tsakanin shekara uku zuwa biyar, sai ka duba ƙa'idar tawka mujallar. Abokin aiki a jami'a ɗaya. Ɗalibinka. Dangi da surukai. Wanda kuka ci tallafin bincike ɗaya. Wanda ya karanta maka daftarin ya gyara, har ka gode masa a ƙarshen maƙalar.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya karanta babin shaida a fiƙihun Malikiyya ya san ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ta miji ga matarsa, ko ta wanda zai jawo wa kansa amfani da shaidar. Ba a ce uban maƙaryaci ne ba. Tuhuma ce ake kauce wa, domin hukuncin ya tsaya da ƙafarsa. Muhakkimi shaida ne a kan aikinka, kuma darajar buga maƙala gaba ɗaya daga nan take fitowa: wani wanda ba ya bin ka bashin komai ya duba ya ce aikin ya tsayu.

Inda abin ke mana wuya shi ne mu a nan 'yan kaɗan ne, kuma zumunci ne ya riƙe mu. Wanda ya tarbe ka a filin jirgin Jidda, wanda kuka zauna ɗaki ɗaya a masaukin ɗalibai, wanda iyalinku ke buɗa baki tare da azumi, yau ya koma gida yana koyarwa a Bayero ko Ahmadu Bello ko Ɗanfodiyo ko Abdou Moumouni a Yamai, kuma fagenku ɗaya. Babu takardar da ta haɗa sunayenku, don haka na'urar mujalla ba za ta kama komai ba. Amma ka tambayi kanka: idan ya ga aikin bai cancanci bugawa ba, zai iya rubuta haka ya kwana lafiya? Idan amsar a'a ce, ka bar shi. Ka ma tausaya masa, domin sa sunansa ɗora masa zaɓi ne tsakanin amana da zumunci. Irin wannan ɗan'uwa amfaninsa ya fi girma kafin ka aika: ba shi daftarin ya yi masa kaca-kaca a fili, ku gyara, ka gode masa da sunansa.

Sanin mutum kawai ba laifi ba ne. Wanda kuka gaisa a taron ilimi, ko ya yi maka tambaya bayan ka gabatar da takarda, ba ya cikin waɗanda aka hana.

Ni ɗaliba ce. Mushrifina ya ba ni sunaye, na kuma gano ɗaya daga ciki sun buga aiki tare bara. Ina jin nauyin yi masa magana.

'Yar'uwa, nauyin yana da dalili, amma sau da yawa mantuwa ce daga malamin, ba niyya ba. Ki buga ƙa'idar mujallar, ki kai masa, ki jingina maganar ga ƙa'idar: "Allah ya ƙara wa Malam lafiya, na ga sun hana ambaton wanda aka yi aiki tare da shi cikin shekara uku, ko Malam zai taimaka da wani suna?" Ki zo da sunaye biyu a hannu don ya zaɓa. Dokar ta shafi duk marubutan maƙalar, ba ke kaɗai ba, kuma sunansa ma yana kan aikin, don haka mutuncinsa kike karewa.

Zan iya kiran wanda na ambata in shaida masa?

Kada ka yi, ko da niyyar ladabi ce. Da zarar ka ce masa "na sa sunanka", ka riga ka roƙi alfarma ko ba ka furta ba. Haka kuma yarjejeniyar da ake ƙullawa a wasu zaurukan WhatsApp, ka duba mini in duba maka, cin amanar tahkimi ce kai tsaye.

Malamin da nake son ambata Gmail yake amfani da shi. Me ya sa mujalla ke nacewa kan imel na jami'a?

Saboda abin da ya faru. An samu marubuta da dillalai da suka riƙa ba mujallu sunan masani na gaske amma da imel ɗin da su suka buɗe. Gayyata ta zo hannunsu, su rubuta wa kansu rahoton yabo. A 2014 kamfanin wallafa na SAGE ya janye maƙala 60 daga mujalla ɗaya ta injiniya saboda irin wannan. A 2015 BioMed Central ta janye 43, Springer ta janye 64. A 2017 aka janye 107 a lokaci ɗaya daga mujallar Tumor Biology. Bayan waɗannan ne wasu mujallu suka daina neman sunaye daga marubuta gaba ɗaya, sauran kuma suka tsaurara.

Matsalar ita ce malamanmu da yawa a gida, mutane masu gaskiya, imel ɗin jami'arsu ba ya aiki yadda ya kamata, sai suka saba da Gmail ko Yahoo. Haka 'yan'uwanmu malaman Sudan da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa, wasu suna Masar, wasu suna nan Saudiyya. Idan haka ne, ka ba edita hanyar tabbatarwa: ka kawo imel ɗin da yake rubuce a kan wata maƙalarsa da aka buga kwanan nan, ka nuna maƙalar, ka haɗa da shafinsa a jami'a da lambarsa ta ORCID, wato lambar shaidar mai bincike mai alƙaluma 16. Kai ma ka buɗe taka, kyauta ce, kuma tana raba ka da masu suna irin naka, abin da mu masu Muhammad da Abubakar da Usman muke matuƙar buƙata.

Wani ofishi ya ce in biya, za su nemo mujalla da muhakkimai, a karɓi aikin cikin sati biyu.

Ka guje su. Gyaran harshe halal ne, kuma mai rubutu da yaren da ba nasa ba yana da haƙƙin neman wanda zai daidaita masa Turanci ko Larabci. Amma wanda ya lamunce maka karɓa, ko ya ce ka ba shi kalmar sirrin shafinka shi zai aika, to ko dai muhakkiman bogi zai kawo, ko mujallar ba ta tahkimi ko kaɗan. A 2013 mujallar Science ta ba da labarin gwajin da John Bohannon ya yi: ya aika maƙalar ƙarya mai kurakurai bayyanannu ga mujallu 304, 157 suka karɓa. Idan asiri ya tonu, sanarwar janyewa da sunanka take fita, ba da sunan ofishin ba, kuma tana nan a intanet lokacin da za ka nemi aiki ko ƙarin girma.

Akwai wanda na tabbata ba zai yi mini adalci ba. Zan iya cewa kada a ba shi?

Za ka iya, mujallu da yawa ma sun tanadi gurbi don haka. Suna ɗaya ko biyu, da dalili a taƙaice kuma ba cin mutunci: muna tsere a kan gwaji iri ɗaya, ko akwai saɓani tsakaninmu da ya wuce na ilimi. Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan, har irin su Imam Zahabi suka yi gargaɗi kan karɓar sukan tsara a kan tsaransa idan alama ta nuna gaba ko hassada ce ta kawo shi. Amma saɓanin ra'ayi ba gaba ba ne. Wanda ya cire duk masu wata fahimta daban da tasa ya nuna wa edita cewa hujjarsa ba ta jure taɓawa. Edita kuma ba dole ne ya bi roƙonka ba.

Wata uku shiru. In rubuta?

Duba maƙalun da mujallar ta buga kwanan nan, yawancinsu suna ɗauke da ranar karɓa da ranar amincewa, sai ka gane saurinsu. Idan ka wuce haka, rubuta wa ofishin edita layi uku da lambar maƙalarka. Ka sa a lissafi cewa Agusta da ƙarshen Disamba aiki na tafiyar hawainiya a Turai da Amurka, kamar yadda yake a nan a goman ƙarshe na Ramadan da lokacin Hajji da hutun bazara. Wanda minharsa (tallafin karatu) ko iƙamarsa (izinin zama) ta kusa ƙarewa ya aika da wuri. Kada matsi ya sa ka aika maƙala ɗaya ga mujalla biyu a lokaci ɗaya. In za ka sauya, ka janye a rubuce, ka jira su tabbatar.

Rahoto ya zo, shafi huɗu na suka. Raina ya ɓaci.

Ba kai ne farau ba. A 1936 Albert Einstein da Nathan Rosen sun aika maƙala ga mujallar Physical Review, edita ya ba wani masani ya duba, ya dawo da rahoton cewa akwai kuskure. Einstein ya fusata ya janye aikin. Daga baya ya gane kuskuren gaskiya ne, ya sauya sakamakon kafin maƙalar ta fito a wata mujalla a 1937.

Ajiye rahoton kwana biyu. In ka dawo, ka lura da abu ɗaya: hukuncin "a yi babban gyara" ba ƙi ba ne, ƙofa ce aka bari a buɗe. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya zauna ya rubuta maka shafi huɗu ya ba ka sa'o'in da ba wanda ya biya shi.

Sai ka buɗe takardar amsa. Kwafo kowace magana ta muhakkimi yadda take, ka sa mata lamba, ka rubuta amsarka a ƙarƙashinta, ka faɗi abin da ka sauya da shafi da layin da yake. Kada ka tsallake ko ɗaya, ko da waƙafi ne. Inda ya yi gaskiya, ka ce ya yi gaskiya, ka gyara. Inda bai fahimce ka ba, kada ka ce bai karanta ba; mai karatu na gaba ma zai iya tuntuɓe a wurin, don haka ka sake rubuta jimlar. Inda kuma kake ganin ya yi kuskure, kana da haƙƙin tsayawa, amma da hujja: alƙaluma, nassi, ko aikin da aka buga. Tarbiyyarmu ta girmama malami takan sa wasunmu su amsa da "na gyara" ga komai, har su ɓata abin da yake daidai. Wannan ba ladabi ba ne ga ilimi. Ladabi yana cikin lafazin, ba cikin sallama hujja ba.

Idan an nemi gwajin da ba za ka iya ba, saboda na'ura ko kuɗi ko samfuran suna Kano kai kana Zahran, faɗi haka ƙarara, ka rage girman da'awarka, ka rubuta wannan gibi a cikin maƙalar. Idan wa'adin gyara ya yi kaɗan, nemi ƙari kafin ya cika. Kuma duk marubutan su ga amsar kafin a aika.

Muhakkimi na ɗaya ya ce in faɗaɗa wani sashe, na biyu ya ce in cire shi.

Zaɓi wanda ya fi wa aikin amfani, ka bayyana wa kowannensu dalili, ka kuma nuna wa edita saɓanin a wasiƙarka. In abin babba ne, tambayi edita tun kafin ka fara gyara.

Muhakkimi ya kawo maƙalu shida ya ce sai na ambace su, duk na mutum ɗaya ne.

Karanta su. Wadda ta shafi aikinka da gaske, ka sa. Sauran ka ce ka duba ba su da alaƙa kai tsaye. Ka'idojin COPE, kwamitin ladubban wallafa da editoci suka kafa a Birtaniya a 1997, sun hana muhakkimi amfani da matsayinsa don ƙara wa kansa yawan ambato. Idan ya nace, rubuta wa edita shi kaɗai.

An ƙi maƙalar. In ɗaukaka ƙara?

Sai in akwai kuskure da za ka iya nunawa da yatsa, kamar an ce ba ka yi wani gwaji ba alhali yana cikin jadawali na uku. Idan maganar ita ce aikin bai kai matsayin mujallar ba, jayayya ba ta cika sauya komai ba. Gyara bisa rahoton kafin ka aika wani wuri. A ƙaramin fage, mutumin da ya duba a can yana iya zama shi za a ba a nan, ya tarar da kurakuran da ya nuna suna nan yadda ya bar su.

Yaya zan ɓoye kaina idan mujallar ba ta son muhakkimi ya san marubuci?

Cire suna da jami'a da godiya da lambar tallafi daga fayil ɗin. Shiga bayanan fayil ɗin Word ka goge sunanka, nan ne mutane suka fi mantawa. Inda ka ambaci aikinka na baya, yi maganarsa kamar na wani, kada ka ce "kamar yadda na nuna a bincikena".

Dakta, yau ni aka gayyata in zama muhakkimi.

Barka, alama ce an fara sanin aikinka. Amsa cikin kwana biyu ko uku, e ko a'a, domin shirunka yana tsayar da wani ɗalibi kamar yadda aka taɓa tsayar da kai. Idan fagen ba naka ba ne, ko ka gane marubucin na kusa da kai ne, gaya wa edita ka kuma ambata masa wani.

Maƙalar amana ce a hannunka. Ba a tura wa aboki, ba a ɗauki tunaninta a kai cikin aikin kai. Kada ka loda ta a ChatGPT ko makamancinsa don ya rubuta maka rahoto. Hukumar NIH ta Amurka, mai ba da tallafin binciken lafiya, ta haramta wa masu tantance mata buƙatun tallafi haka tun Yunin 2023, manyan kamfanonin wallafa irin su Elsevier ma sun hana, saboda sirrin aikin yana fita daga hannunka. Idan mushrifinka ne aka gayyata ya miƙo maka don ka koya, hanya ce mai kyau ta koyo, amma a nemi izinin edita tukuna, a kuma rubuta sunanka a matsayin wanda ya taya.

Wajen rubutawa, fara da taƙaita abin da maƙalar ke da'awa da kalmominka, don edita da marubuci su ga ka fahimta. Sai manyan matsaloli, sai ƙanana, kowace da lamba da shafi. Ka raba abin da dole ne a gyara da abin da shawara ce kawai. Idan Turancin marubucin ya yi rauni amma binciken na da ƙarfi, ka ce a gyara harshe a layi ɗaya, ka mayar da hankali kan hujja da alƙaluma. Idan ka ga alamar satar rubutu ko hoton da aka taɓa, kada ka tuhumi marubucin a cikin rahoton da zai karanta. Akwai gurbin da aka ware don saƙon sirri zuwa ga edita, ka rubuta a can, ka nuna shafi da tushen da ka gani.